Na Kulle Mahaifina da Kwaɗo, Ashe Ciwo Ne a Ƙwaƙwalwarsa

Lokacin da abin nan ya faru ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ina zaune a Kazaure da iyalina, kuma ni ne babba a gidanmu. Mutum ne ni mai gudun abin magana, abin da jama'a za su ce ya fi komai damuna. Mahaifinmu tsohon malamin gona ne, ya yi aiki tsakanin Roni da Gwiwa har ya yi ritaya. Kowa ya san shi da kunya da kawaici. Ban taɓa jin ashar a bakinsa ba, kuma in rigimar iyakar gona ta tashi, shi ake nema ya sasanta.

Sai halinsa ya fara sauyawa a hankali. Zai je kasuwa ya ɗauki tsire a gaban mai shi, ya ci ya wuce abinsa. Ranar sunan jikarsa ya dubi surukinsa cikin mutane ya faɗa masa maganar da ba zan iya rubutawa ba, yana dariya. Da ƙaninsa ya rasu, ana zaman makoki shi yana tambayar yaushe za a kawo abinci. Ga shi bai manta sunan kowa ba, jikinsa garau, shi ya sa ban kawo ciwo a raina ba. Dangi suka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na yanke cewa da gangan yake yi. Har na raya a zuciyata wai dama can halinsa ke nan, ɓoyewa ya yi.

Ranar da aka rako shi daga masallaci bayan ya zagi ladan, na fizgi hannunsa na tura shi ɗaki na sa kwaɗo. Na ce ya gama zubar mana da mutunci, gara a ce ya mutu tun da darajarsa. Bai yi fushi ba. Da yake sunan mahaifinsa gare ni, ta jikin ƙofa ya ce, “Babana, me na yi?” Na juya na tafi abina. Haka na riƙa kulle shi har damina ta wuce.

Ƙanwata mai aikin jinya a Kano ce ta zo ta tarar da shi a haka. Ta yi kuka, ta dage sai da muka kai shi babban asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitan ya nuna mini ɓangaren da ke bayan goshi, ya ce ya motse. Ya bayyana mini cewa wurin nan shi ne linzamin mutum: shi ke sa a ji kunya, a tausaya, a haɗiye magana kafin ta fito. In ya lalace, hali yakan riga tunani tafiya. Na tambaye shi ko Baba ya san ba daidai yake yi ba. Ya ce ciwon da ya tsinke linzamin shi ne kuma ya hana shi gane ya tsinke, kuma babu maganin warkewa, sai kulawa.

Muna dawowa na durƙusa gabansa ina neman gafara, hawaye na zuba. Ya dube ni ya tambaya ko akwai gyaɗa a gidan. Na yi jinyarsa har Allah Ya karɓi abinsa, amma ban taɓa samun tabbacin ya fahimci roƙona ba.

Na koyi cewa kyawun halin da muke taƙama da shi yana rataye ne da tsokar da Allah Ya ajiye a cikin kai, kuma tana ciwo kamar yadda ido da ƙoda suke yi. Ban ce duk mai mugun hali marar lafiya ba ne. Amma in mutumin kirki ya juye a hannunku ba dalili, ku haɗa addu'a da asibiti tun da wuri, kuma ku kama bakinku. Ni na furta tawa maganar lokacin da yake iya jin zafinta, na nemi yafiya lokacin da ba ya iya ba ni.