Hodar Iblis a Idon Tsohon Duwan

Inna ce ta fara lura. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Yamai ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Muna zaune a tsakar gidanmu na Talaje, an ɗauke wuta, Baba yana shan fura, sai ta ce rabin fuskarsa ne kawai ke gumi. Gefen dama sharkaf, na hagu a bushe ƙamas. Da ta ƙara dubawa, fatar idonsa na hagu ma ta ɗan sauko, kamar mai gyangyaɗi da ido ɗaya. Baba ya ce tsufa ne. Inna ta ce ita ma ta tsufa, amma duka fuskarta ke gumi.

Mahaifina tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan. Ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. Buhun shinkafar Saga ba ya shiga ɗakin ajiya sai ya tura hannu har gwiwa ya laluba. Ko akwatunan aurena sai da ya ƙwanƙwasa gindinsu ya ji ko akwai ɓoyayyen wuri, dangin miji suna kallo. Kai irin wannan mutum asibiti aiki ne, kuma ni aka ɗora wa, don ni ce mai mota, ni ce kuma aka ce ba ni da haƙuri.

Likitar ido mace ce, Bazabarmiya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta haska masa fitila, ta kashe wutar ɗaki, ta kunna, ta tambaye shi ko yana shan taba. Ya ce ya bari. Ta tambaye ni, na ce ya bari sha a gaban Inna. Sannan ta yi mana bayani: ƙwayar idon hagu ta fi ta dama ƙanƙanta, kuma tana zargin wata jijiya ce da ke bi ta ƙirji da wuya kafin ta iso ido. Idan wani abu ya danne ta a hanya, haka fuska ke yi. Abin zai iya zama ba komai ba, zai iya zama mugun abu a saman huhu. Kafin ta tura shi ɗaukar hoto tana so ta tabbatar, da wani magani da za ta ɗiga masa a idanu biyu. Lafiyayyen ido zai buɗe, mai matsala zai tsaya yadda yake.

Da nan ta tsaya, da an gama a ranar. Amma Baba ya tambayi sunan maganin, ita kuma mai gaskiya ce.

"Kokayin ne, Alhaji. Kaɗan, a cikin ruwa."

Baba ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa ya sa. Ya ce shekara talatin yana tsaye a kan iyaka don kada hodar iblis ta shigo ƙasar nan, yau kuma a ce ya buɗe mata ido da kansa. Ta ce likitoci sun daɗe suna aiki da shi, masu aikin hanci ma suna kashe zafi da tsayar da jini da shi. Ya ce hancinsu ne. Ya yi mata godiya cikin Faransanci mai tsabta, ya fita ya bar ni da takardu.

Sati biyu muka yi a kan maganar. Inna ta tura shi wajen limamin unguwa, liman ya ce lalura ce, babu laifi. Baba ya dawo ya ce liman mutumin kirki ne amma bai taɓa aikin kan iyaka ba. Ƙanena ya nuna masa bayani a waya, ya ce waya ba ta da hatimi. Shi ko idon yana nan a sauke. Ni kuwa na daina cin abinci da daɗi, don kalmar huhu ta zauna mini a ƙirji. Ranar da haƙurina ya ƙare, na ce masa in bai je ba zan faɗa wa abokansa na fada, wurin zaman hirarsu, cewa tsoron ɗigon ruwa yake. Rashin kunya ce, na sani, Inna ma ta harare ni. Amma da safe na same shi a cikin mota, da babbar riga da tabarau.

Sharaɗinsa ɗaya ne: sai ya ga takardu. Na zaci likitar za ta kore mu. Sai ta sa aka kira mai kula da magunguna, ya zo da makulli da wani babban littafi. Baba ya duba inda kwalbar maganin ta fito, ya duba wanda ya sa hannu, ya ɗaga takardar izini ya haska hatimin a taga. Ya lura da ranar, ya gwada lambar kwalba da ta littafi. Komai daidai. Ban taɓa ganin mutum ya ji takaicin samun gaskiya irin na ranar ba. Da likitar ta ƙara da cewa in aka gwada fitsarinsa cikin kwana biyu za a iya ganin alamar maganin, sai ya sa ta rubuta masa shaida, kamar akwai wanda ke bin tsoho ɗan shekara saba'in da kwalbar gwaji.

Aka ɗiga. Ya yi yaji, hawaye suka zubo, ya ce ba kuka ba ne. Aka ce mu jira kusan awa guda. Ya zauna a benci a miƙe kamar sanda, yana jiran maye ya zo ya same shi a shirye. Bayan kowane ɗan lokaci ya tambaye ni ko muryarsa ta sauya. Ya karanta sunayen jikokinsa daga babba zuwa ƙarami don ya gwada hankalinsa, ya tsallake biyu, ya ce ga shi an fara. Na tuna masa ko a gida tsallake su yake yi. Wata tsohuwa da ke kusa ta tambayi abin da ke damunsa, ya ce gumi.

Da lokaci ya yi likitar ta rage hasken ɗaki, ta duba, ta buɗe baki za ta yi bayani. Baba ya ce shi ba ya karɓar rahoton mutum ɗaya, sai da shaida. Sai ta ce in matso in gani da idona.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu na mutanen Damagaram, Baba ba ya kiran sunana, ni kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ko da nake masa tsiwa, ƙasa nake kallo ko hularsa. Na durƙusa a gabansa, na ɗaga kai. Idon dama ya buɗe baƙi wuluk. Na hagu yana nan ƙarami kamar ƙwayar gero. Kuma a cikin duka biyun tsoro ne, tsoro ƙarara, ba na kokayin ba, na abin da za a gano. A nan na gane abin da muka yi sati biyu muna gardama a kai, na ji kunyar abin da na faɗa masa.

"Me kika gani?" ya tambaya a hankali.

"Na hagu bai buɗe ba, Baba."

Likitar ta fara rubuta takardar ɗaukar hoton ƙirji da wuya. Bai tambayi komai a kanta ba. Ya riƙe mini hannu, hannunsa da sanyi.

"Sake dubawa," ya ce. "Duba da kyau."

Na san babu abin da zai sauya. Na sake dubawa, na daɗe ina dubawa, shi ma bai kawar da kai ba.