Ranar da Yakura Ta Yanka Takarkarinta

Ibram, mijin Yakura, ya rasu bai bar mata gona ba, takarkari ɗaya ya bari da wuƙa. Wuƙar kuwa ba irin wadda samari ke ɗaurawa a damtse don ado ba ce. Wani maƙeri ne a Kelle ya ƙera masa ita, tsawonta ya kusa kamu, bayanta da kauri kamar ɗan yatsa, ƙotarta ta ƙaho. Da aka zo rabon kaya 'yan uwansa suka ɗauki riguna da sirdi, wuƙa babu mai so, wai tana jan ƙugu. Yakura na fita takaba ta rataya ta a kafaɗa ta shiga daji.

Kaba ce sana'arta. Takan bar Gure bayan asuba, ta bi tuddan yashi har kwarin da goruba ta yi yawa, ta saro, ta ɗora wa takarkarin, ta kawo wa masu saƙar tabarma. Wuƙar ce gatarinta. Da ita take tonon jiƙaƙƙen yashi in ruwan gora ya ƙare, da bayanta take fasa ƙwallon goruba. Takan ce ba a yi mata ƙarfi, ɗagawa kawai ake yi a saki, nauyinta ya ƙarasa. Kuɓewa ce dai ba ta iya yankawa, sai ta dagargaza ta. Da haka take ciyar da kanta da Hajja, uwar Ibram, wadda idonta ya tafi.

Shekarar da ta biyo bayan ɓarnar fara, hatsi ya yi wuya, an kuma kwashi maza da yawa aikin hanyar mota. Farkon damina takarkarin ya faɗa wa ɗanyar ciyawa a kwari da yunwarsa. Kafin ta gama ɗaure kaba cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya durƙusa, ya kife. Ta ja igiyar hanci, ta lallashe shi da Barbarci yadda Ibram ke yi. Bai tashi ba.

Ta hau tudu ta duba gabas da yamma, ko makiyayi babu. In ya mutu haka mushe ne, rabon ungulu da kura, ita da Hajja ba nama, ba abin musanya da hatsi. Ta kuma san abin da kowa ke faɗa a gari, ba a cin yankan mace.

Sara tun safe ya dakushe bakin wuƙar, kwarin kuwa babu dutse. Ta cire takalminta na fata, ta barbaɗa masa yashi, ta tofa yawu, ta yi ta wasawa idonta na kan numfashin san. Ta gwada a gashin wutsiyarsa, ya yanke. Sai ta ja kansa ya dubi alƙibla, ta taka ƙahon, ta yi bisimilla da kabbara. Ta ɗora wuƙar a wuyansa ta ja. Jini ya yi tsartuwa, ƙafafun baya suka yi shure-shure.

Ba ta zauna kuka ba. Ta farke cikin don kada naman ya lalace, ta saro rassan ƙaya ta lulluɓe shi saboda ungulu, ta kama hanyar gari. Ɗan Talata, ƙanen Ibram, ya aro jakuna suka koma tare. Da wuƙar suka datse ƙasusuwa, la'asar sakaliya suka sauke a rumfar Abarshi mahauci.

"Wa ya yanka?" in ji Abarshi.

"Ni."

Ya janye hannunsa. "To ki nemi wata rumfar, Yakura."

Ɗan Talata ya yi dariya. "Matata, ai tun ranar da kika rataya wuƙar Yaya na ce gemu kaɗai ya rage miki."

"Kai mai gemun ina kake? Kana gindin tsamiya kana dara."

Aka kira Malam Aisami, limamin unguwa. Ya ce a miƙo masa kan da wuyan.

"Kin ambaci Allah, 'yata?"

"Na ambata, Malam."

"Kin ɗaga hannu kafin ki gama?"

"Ban samu dama ba, wuƙar ta riga ni."

"Ya motsa bayan yankan?"

"Har gorana ya shure."

Malam ya sa yatsa ya duba maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu, duk a yanke tas. Ya ce halal ne, littafi bai ce sai namiji ba.

Abarshi ya rusuna. "Allah gafarta Malam, ai littafi ba ya zuwa sayen nama. Mutane ke zuwa."

Malam ya ce a gasa masa hanta. Ya zauna a kan tabarmar mahauci, bakin hanya, yana ci. Tsoho ne, haƙoransa sun ragu, taunar ta ɗauke shi lokaci, har masu zuwa masallaci da masu dawowa daga rijiya duk suka gani.

Kafin magariba ƙore suka fara zuwa da gero, suna komawa da nama. Ba kowane gida ya aiko ba. Matar Abarshi kanta tuwo da miyar kuka ta yi ranar. Hajja ta karɓi nata, ta sunsuna, ta tambayi sunan malamin da ya ci, sa'an nan ta sa a baki.

Geron ya kai su kaka, da ƙyar. Takarkari kuwa Yakura ba ta sake samu ba. Har yau a ka take ɗauko kaba, dami ɗaya, tana hutawa a kan kowane tudu. Allah ya sauƙaƙa mata.