Mangwaro a Gabas da Ma'auni

Malam Ladan Umaru mutumin Ƙofa ne. A nan aka haife shi a 1956, a nan kuma ya gama firamare, a zamanin da yaro mai takardar aji bakwai yake rubuta wa dagaci wasiƙa ba a gyara masa ko waƙafi ba. Bai wuce nan ba a karatu. A 1976 aka ɗauke shi lebura a wata ƙaramar gonar gwaji da ke bayan gari, inda ake gwada irin dawa da masara kafin a raba wa manoma. Shekara uku yana riƙe da fartanya, sannan malamin gonar, Malam Abdulmumini, ya lura da kyan rubutunsa, ya ɗora shi kan ma'aunin ruwan sama.

Ma'aunin ba wani abin kallo ba ne. Gwangwani ne na tagulla da aka kafa cikin siminti a tsakiyar fili, da mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa. Kowace safiya da ƙarfe bakwai a juye abin da ya taru cikin gilashi mai zane, a durƙusa a daidaita ido da saman ruwan, a rubuta milimita nawa ne. Malam Abdulmumini ma'aikaci ne irin na da, mai wandon kaki da biro uku a aljihu, wanda ke duba agogo kafin ya amsa gaisuwa. Ya ce wa Ladan kada ya rubuta abin da idonsa bai gani ba, kada ya gusar da ma'aunin sai da takarda daga ofis, kada kuma ya bar wani abu mai tsayi, bango ko itace, ya kusance shi.

Ladan ya riƙe aikin damina talatin da uku. Ko da rani, lokacin da jariri ma ya san ba a yi ruwa ba, sai ya je ya leƙa kwalbar ya rubuta sifili. A 1995 aka daina zuwa karɓar fom, ma'aikata suka ragu, taraktar gonar ta zauna a kan duwatsu, amma shi ya ci gaba da cika littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da yake ajiye kwafin awon a ciki tun farko. Ranar da ya yi ritaya a 2011 ya ɗaure su da igiya ya kai gida, tunda babu wanda zai miƙa wa.

Akwai abu guda da bai taɓa shiga littattafan ba. A 1981, makon da aka yi sunan 'yarsa Rufaida, ya dasa mangwaro taku bakwai gabas da ma'aunin. A lokacin tsiron bai kai gwiwa ba, kuma Malam Abdulmumini ya riga ya samu canjin wurin aiki. Ladan ya ce a ransa idan ya fara girma zai cire shi ya kai bakin shinge. Itacen ya girma, leburori suka mayar da inuwarsa wurin sallar azahar da cin abinci, kowa yana kiransa mangwaron Rufaida. Sau biyu ya hau ya rage rassa, daga baya ya bari. Hadari a ƙasar nan daga gabas yake tasowa, don haka duk ruwan da iska ta koro sai ganye ya tare mafi yawansa kafin ya kai mazurarin. Gusar da ma'aunin yana buƙatar takarda, neman takardar kuwa yana nufin ya rubuta da hannunsa cewa ya karya ƙa'ida. Bai rubuta ba. Wata safiya a watan Agustan 1998, bayan ruwan da ya cinye kwalbatin hanyar kasuwa, ya juye kwalbar ya ga milimita goma sha ɗaya. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya rubuta goma sha ɗaya, domin ita idonsa ya gani.

Shekarar bara wata ƙungiya ta kafa kwamitin sa kai na ba da shawara kan sauyin yanayi, wanda ya haɗa mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Babu albashi, sai zama sau ɗaya a wata a wani ajin makaranta a Kiru. Shugabar ita ce Malama Husna, wadda ta yi shekara ashirin tana koyar da kimiyya a Tudun Wada. Sakatare Kamaluddeen ne, matashi ɗan Kiru da ya karanta labarin ƙasa a jami'a. Shi ya ji labarin littattafan, ya hau achaɓa har Ƙofa, ya zauna a zaure yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar mai taɓa abin da zai fashe. "Baba, ka san abin da kake ajiye da shi kuwa? Ko a birni ba kowane ofishi ke da irin wannan ba." Malam Ladan ya ji daɗin da ya manta rabonsa da jin irinsa. Ya ba shi littattafan duka, ya kuma karɓi kujera a kwamitin.

A zama na huɗu Kamaluddeen ya manna babbar takarda a allo. Ya tattara ruwan kowace shekara ya zana layi, layin kuwa yana tafiya yana hawa da sauka har farkon shekarun casa'in, daga nan ya gangara kamar hanyar rafi. Ya ce lissafi ya nuna ruwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kan wannan aka tsara wasiƙar da za a aika wa dagatai kafin shuka, ana shawartar manoma su rage kaura da farafara da masara mai daɗewa, su koma iri mai saurin nuna, masu shinkafa a kwari kuma su sake tunani. Malam Ladan ya dubi inda layin ya fara gangara, ya gane wurin. Nan ne reshe na farko ya kai saman mazurari. Aka tafa masa, ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kawaici ne.

Wata guda ya yi da abin a cikinsa. Ya san masu noman kaura a Ƙofa da sunayensu, ya san wanda zai saurari dagaci ya sayar da irinsa na gado. Ya kuma riga ya gaya wa mutanen majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa littattafansa ne za su yi magana a ƙananan hukumomi huɗu.

Zama na biyar shi ne na sa hannu a wasiƙar. Kafin nan Malama Husna ta ce ƙungiyar tana son ɗan taƙaitaccen tarihin kowane mamba, a buga a bayan wasiƙar don manoma su san masu ba su shawara. Kamaluddeen ya riga ya rubuta, zai karanta kowa ya gyara nasa.

Ya fara da Inna Maimuna, dattijuwar Bafulatana daga wajen Burumburum, wadda ta yi shekara arba'in tana tallar nono, tana kuma noma gero a bayan rugarsu. Ya rubuta cewa ƙwararriya ce a harkar kiwo.

"Ƙwararriya kuma?" ta ce. "Shanun na 'ya'yana ne, ni ƙwarya ce tawa. Rubuta mai nono, kowa ya sani."

"A ƙara da cewa tana zuba ruwa a ciki," in ji Ɗanasabe daga bayan aji.

"Kai da ka sha bashin... a'a, bari in yi shiru, yau ranar mutunci ce. Karanta nasa mu ji, yaro."

Ɗanasabe mutumin Doguwa ne, ƙato mai tabon ƙuna a hannuwa, yanzu yana renon dashen itatuwa a leda yana sayarwa. Kamaluddeen ya karanta cewa ya daɗe yana hulɗa da albarkatun daji. Ɗanasabe ya yi dariya har da buga benci.

"Hulɗa? Ɗan'uwa, gawayi na yi. Shekara ashirin da biyu ina sare ƙirya da marke ina ƙonawa. Akwai tudun da in ka tsaya yau ba ka ga inuwa ba, to aikina ne. Haka za ka rubuta. Mutanenmu sun san ni, in suka ga an yi mini kwalliya ba za su yarda da sauran takardar ba."

Aka yi dariya, Kamaluddeen ya soke ya gyara. Malam Ladan bai yi dariya ba. Yana kallon hannuwan Ɗanasabe.

"Saura Baba," in ji Kamaluddeen, muryarsa ta canja. "Malam Ladan Umaru, Ƙofa. Masanin yanayi wanda ya auna ruwan sama shekara talatin da uku ba tare da kuskure ko fashi ba. A kan amanarsa wannan shawara ta tsaya."

"Wannan kam babu gyara," in ji Malama Husna.

Inna Maimuna ta gyara zama tana duban takardar da ke allo. "Ni dai abu ɗaya ke ɗaure mini kai, Malam. Jikana ya nuna mini shekarar da layin nan ya fi faɗuwa, na ƙirga, ita ce shekarar da rafi ya tafi mana da karsana biyu. Ko da yake Ƙofa daban, Burumburum daban. Allah yana ba wani ya hana wani."

Ta ba shi ƙofar fita da bakinta, ba tare da ta sani ba. Da ya ce haka ne, da an wuce wurin. Sai ya dafa benci ya miƙe, ya cire hularsa ya sake sawa.

"Malama, a gafarce ni. Akwai gyara." Ya yi gyaran murya. "Ni ba masani ba ne, lebura ne aka ba ni gwangwani. Kuma akwai mangwaro a gabas da gwangwanin, taku bakwai. Ni na dasa shi. Ya rufe ma'aunin. Ruwan da ke cikin littattafan nan na baya ragowar abin da ganye ya bari ne."

Kowa a ajin ya juyo yana dubansa.

"Ba ka sani ba ne a lokacin, Baba?" Malama Husna ta tambaya a hankali.

"Na sani. An gaya mini ƙa'idar tun ranar farko."

"Amma watan jiya da na manna wannan kana zaune," in ji Kamaluddeen. Bai ɗaga murya ba. "Na kai wa malamina na jami'a, Baba. Na ce masa da idona na ga littattafan."

"Ina zaune," in ji Malam Ladan. Ya koma ya zauna a bencin.

Ɗanasabe ya yi ƙoƙarin sassauta wurin. "To ni an kama ni da sara, Malam an kama shi da dashe. Wannan kwamiti sai addu'a." Mutum biyu suka yi murmushi, abin bai kama ba.

Malama Husna ta jawo littattafan gabanta ta tambayi shekarar da inuwar ta kai ma'aunin. Ya ce daminar 1993, bai ko yi tunani ba, wannan saurin amsar ma ya ƙara masa nauyi. Ta ware littattafan gida biyu a kan tebur, na shekara goma sha huɗu a dama, na goma sha tara a hagu. Ta ce ba za a aika wasiƙar ba. Damina ta canja, kowa a ajin ya gani a gonarsa, tana makara, tana yankewa a tsakiya, tana zuwa da ambaliya, amma ba za su ce wa mutum ya bar irinsa a kan lissafin da ba su tsaya a kansa ba. Za a nemi awon wasu wurare, ko da shukar bana za ta wuce. Kamaluddeen ya tashi ya ɓamɓare takardar daga allo, ya naɗe ta ba tare da ya dubi kowa ba.

Malam Ladan ya roƙi a bar shi ya faɗi tarihinsa da kansa, aka rubuta yadda ya ce: lebura a gonar gwaji, ya auna ruwa daga 1979 zuwa 1992, abin da ya biyo baya ba abin dogaro ba ne. Ya so ya ajiye kujerar, Inna Maimuna ta ce in duk mai abin kunya zai tashi, ita da allo za a bari. Ya ɗaure littattafai goma sha tara da igiyarsu, ya hau bas da su a kan cinya. A ƙofar masallaci aka tambaye shi yaushe dagaci zai karanta takardar, ya ce an fasa, ya kuma faɗi dalili, domin ya san in bai faɗa ba za su ji a wani bakin.

Har yanzu yana zuwa zaman, yakan zauna kusa da ƙofa. Kamaluddeen yana gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, har da rusunawa, amma ya daina zama kusa da shi. A zaman watan jiya ana gardama kan ranar da ruwan shuka ya sauka a 1985, Malam Ladan ya san ranar, amma ya jira har Malama Husna ta juyo.

"Baba, wannan tana cikin shekarun dama, ko?"

"Tana ciki. Sha tara ga Yuni, milimita ashirin da shida."

Kamaluddeen ya ajiye biron da ke hannunsa, ya ɗauki fensir, wanda ake iya gogewa, ya rubuta.