Dabinon Inna

Shekara goma sha bakwai Hamidu ya yi a rumfarsa ta kasuwar Gure yana gyaran waya. Wuyansa ya lanƙwashe saboda sunkuyo, idonsa kuma yana iya ganin tsagar da ba ta kai silin gashi kauri ba. Mutane suna yabonsa. Shi ne dai bai san rabonsa da ɗaga kai ya dubi sama ba.

Iyayensa sun bar musu dabino a wani kwari da ke tsakanin tuddan rairayi, ta wajen Kelle. Yayarsa Rakiya ce ke kula da su tun rasuwar iyayen. Nasa aikin shi ne ya ci rabonsa in an kawo.

A ƙarshen sanyin bana ƙafar Rakiya ta kumbura, ta aika aka kira shi. Ta miƙa masa wani ƙunshi na tsumma, ciki akwai furen namijin dabino.

"Na Inna ne," in ji ta. "Sauran an gama da su, ita kaɗai ta makara. Furenta ya buɗe, in ba a sa mata wannan cikin kwana biyu ba, bana ba za ta haihu ba. Shi ke nan abin da ya rage mini, kada ka ɓarnatar."

Inna ita ce bishiyar da mahaifiyarsu ta dasa da hannunta, shekarar da aka kawo ta gidan. 'Ya'yanta ba a kai su kasuwa. Sadaka ake yi da su da sunan marigayiya.

"Ka dai san ta ko, auta?"

"Haba Yaya!"

Bai san ta ba. Ya yi niyyar in ya isa ya ɗauki hoto ya turo ya tambaya cikin wasa. Sai Rakiya ta shimfiɗa hannu.

"Kawo abin nan. Babu rezo a kwari, waya ba ta kamawa, kuma ba na son kallonta ya ɗauke maka hankali."

Ya ba ta wayar, ta tura ƙarƙashin filo.

Washegari da hantsi ya kashe motonsa mai ƙafa biyu a kan tudun kwarin, ya gangara da ƙafa. Sau uku hannunsa na zuwa aljihu yana dawowa wayam. A na huɗu ya bari. Daga nan ne ya fara jin abubuwa: kukan kurciya, ƙarar guga a rijiyar da ba ta kai tsayin mutum biyu ba, ganyen kaba yana goga ɗan'uwansa. Ya cire takalmi, rairayi mai sanyi ya shiga tsakanin yatsunsa. Ya sha ruwa mai ɗanɗanon kanwa, ya tuna shi ne ruwan da ya girma da shi. A bakin kwarin, inda tudu ya ciwo gona, ya sami wata guntuwar bishiyar dabino, karkatacciya, rairayi ya cinye ta har ƙugu. Ya rataye rigarsa a jikinta, ya kwanta a inuwarta, ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun yana saurayi.

Da ya tashi sai ya shiga neman Inna. A ransa ya ce wadda ta fi kowace tsayi da kyau, ita ce. Ya same ta a tsakiyar kwarin. Ya hau da ƙyar, ƙaya tana yankar damatsansa da ƙirjinsa. A can sama ya ga duk kwarin kore shar a cikin farin rairayi, har hawaye ya zo masa. Ya soke furen cikin nata, reshe bayan reshe, ya ɗaure da kaba kamar yadda ya taɓa ganin mahaifinsa yana yi. Bai rage ko ɗaya ba.

Da ya sauko, wani tsoho yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Malam Husseini ne, maƙwabcin gonarsu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ɗan wa ne kai, da kake yi mini aiki ban sa ka ba?"

"Baba, ni ne Hamidu. Ƙanen Rakiya. Na zo wajen Inna."

Tsohon ya dube shi, ya dubi bishiyar, sannan ya juya ya nuna bakin kwari da haɓa.

"Wannan tawa ce. Uwarka ga ta can, ka rataya mata riga."

Hamidu ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Husseini bai yi dariya ba, abin da ya fi yi wa Hamidu zafi ke nan. Da ya yi tayin komawa sama ya kwance, tsohon ya ce garin furen ya riga ya zube, ba ya kwasuwa. Ya shiga bukkarsa ya fito da silli uku na furen namiji, busassu, na bara.

"Wani lokaci yana kamawa, wani lokaci ba ya kamawa. Jeka."

A tsaye ya sa wa Inna, bai ko yi ɗage ba. Sai a lokacin ya lura da shingen kaba da aka kafa don tare mata rairayi, layi bisa layi, wani ya ruɓe, wani sabo. Aikin Rakiya ne, ita kaɗai, na shekaru. Ya durƙusa ya yi ta yaye rairayin da hannu har la'asar.

Ya isa gida kafin magariba. Rakiya tana kan tabarma, ta miƙe ƙafar.

"Ka gaida Inna?"

"Na gaishe ta."

Ta dubi damatsansa, duk zanen ƙaya da busasshen jini. Ta daɗe tana dubawa.

"Inna ba a hawanta, Hamidu."

Ya zauna a ƙasa, ya faɗa mata duka, har silli ukun na bara. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in an sami tiya ɗaya ma, a bayar. Sannan ta zaro wayar daga ƙarƙashin filo ta ajiye a gabansa.

"Ta yi ta kuka tun safe."

Bai taɓa wayar ba. Ya tambayi Rakiya inda take saro kabar shinge.