Tokar Bakin Ƙofa

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Duk sanda hadari ya haɗu na ji ƙanshin ƙasa, sai in tuna madafin kakata Iya a Durun, ƙasar Kabo. Mu jikoki mun kewaye murhu muna gasa masara, ɓerayen Masar ɗinta kuma suna ta kwi-kwi a bayan tulu.

Iya ba ta cin su, ba ta sayarwa. Kiwon so take musu, kuma kowane lokaci da inda take ajiye su. Da sanyi suna ƙarƙashin gadonta, kusa da kaskon wuta. Da bazara ta kai su inuwar rumbu, ta kifa musu fasasshiyar randa, ta yayyafa wa yashi ruwa, don zafi na kashe su nan da nan. Amma da ruwan farko ya sauka sai ta kwashe su zuwa ƙaramin ɗakin da ke jikin madafi, saboda kwarkwasa, tururuwan nan masu tafiya layi-layi da damina, waɗanda in suka tarar da mai rai a rufe sai sun bar ƙashi. Maganinsu toka. Kullum bayan magariba Iya takan ɗebi toka mai ɗumi a sakaina, ta bi ƙofar kowane ɗaki a gidan ta ja layi. Ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Ina jin ba ma wanda ya lura.

Sai shekarun ostariti suka zo, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi. Aka sallami Baffa Sule, autan Iya, daga masaƙar da yake aiki a Kano. Ya dawo gida tsakiyar damina da matarsa da ɗansa Auwalu mai rarrafe, ga katifa ga rediyo, ba ɗaki. Ranar da Iya ta tafi ta'aziyya Gwarzo ta kwana, ya share ɗakin ɓerayen, ya kife su da kwando a bayan rumbu, ya ɗora dutse.

"Mutum ba shi da makwanci, ɓera na da ɗaki?" in ji shi. "Haba!"

Da safe ni na ɗaga kwandon. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Ɗaya ce ta tsira, wata mai jan kunne mai ciki, da ta sulale ta ɓuya bayan tulu tun ana kamun.

Iya ta dawo, ta leƙa bayan rumbu, ta daɗe a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sule, ka ci abinci kuwa?" Ya ce ya ci. Ta ce, "To madalla."

Da yamma muka taru, ta gyara zama, ta jingina da bangon da ya raba madafi da sabon ɗakin Baffa, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya kasa."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta, Iya."

Ta ce wai Muzuru ne ruwa ya yi wa duka, ya zo ƙofar Uwar Ɓeran Masar yana karkarwa, ya ce a taimaka masa da gefen tabarma. Ta ba shi. Da ya ji ɗumi sai ya miƙe ƙafa, ya ce ɗakin ya yi musu kaɗan, ya watsa 'ya'yanta waje. Kafin gari ya waye kwarkwasa ta cinye su.

"Sai ta yi ihu, Iya?" in ji yayata Asabe.

"Ihu? Ke yarinya ce. Mai ihu ya gama ramawa da baki. Gaishe shi ta yi, ta ce, ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Lokacin kaka ya zo, tana gaishe shi. Sanyi ya zo, har itace take kai masa. Bazara ta zo, ta kai masa ruwan randa. Muzuru ya yi ƙiba, ya manta. Abin da bai sani ba, duk damina ita ce ke zagaye ɗakin da toka. Da ruwa ya dawo, ba ta ɗauki sanda ba, ba ta nemi boka ba. Ta dai bar sakainarta a rataye. Kwarkwasa ta shiga wa Muzuru ta kunne ta fito ta hanci, ya yi ta birgima har rafi, wutsiyarsa ma a hanya ya bar ta.

"Ta yafe masa daga baya?" na tambaya.

Iya ta tura itace cikin wuta. "Da ya ce a yafe, da ta duba. Bai ce ba. Ƙurunƙus kan muzuru, don ni ba a taɓa kan ɓera a madafina."

Muka yi ta shewa. Daga bayan bango sai muka ji Baffa ya ƙara ƙarar rediyo.

Shekara guda cur Iya tana wannan tatsuniyar, yau ta ƙara wa Muzuru gashin baki, gobe ta ba shi rediyo. Toka kuwa ba ta fasa zuba wa Baffa ba duk daminar. Sai da wata daminar ta kama, wata yamma ta ce wa matar Baffa, "Ba ni Auwalu ya riƙa kwana wurina, ƙafata na son ɗumin yaro." Na bi ta da sakaina kamar kullum. Muka zo ƙofar Baffa, ta wuce. Na ce, "Iya, kin tsallake." Ta ce, "Tokar ta ƙare." Alhali ga ta nan rabin sakaina.

Ba a daɗe ba, wata asuba, Baffa Sule ya fito tsakar gida yana tsalle yana salati, yana cire wando a gaban kowa, matarsa a bayansa tana karkaɗe zane. Iya na kan buzunta da carbi, Auwalu na barci a cinyarta. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Sule, an tashi lafiya?" A ranar ya kwashe katifarsa ya koma zaure, jikokin mai jan kunne suka koma ɗakinsu.

Yanzu ina aure a Lakwaya, ƙasar Gwarzo, Iya ta daɗe a ƙasa. Cikin kayan aurena har da biyu daga zuriyar mai jan kunne, kuma 'yata Hafsatu ta tashi da su, kowanne ta raɗa masa suna. Bana, da aka ce Shari'a ta zo Kano, wan mijina Yaya Garba, mai sayar da taki, da muke gida ɗaya, ya wayi gari ya fi liman tsoron Allah. Wai ba a salla a gidan da ɓera ke kwana a ɗaki. Malamin Islamiyyar su Hafsatu ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, amma ina! Ranar da na kai jaririna asibiti yana zazzaɓi, Yaya Garba ya zuba ɓerayen a tsohon baho ya ajiye ƙarƙashin indararo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na dawo na tarar da Hafsatu a tsugune tana tsamo su ɗaya-ɗaya tana kiran sunayensu.

Yarinyar ta daina cin abincin kirki. Ina taɓa goshinta ina taɓa na ƙanenta, ban san wanda zan fi jin tsoro a kai ba. Na ce wa mijina, "Malam, tunda rediyo na cewa wanda ya yi ɓarna ya biya, akwai alƙalin ɓeran Masar?" Ya yi dariya, ya ce in yi haƙuri, yayansa ne. Shi kuwa Yaya Garba har yau bai ce wa yarinyar nan sannu ba.

A gidan nan ni ce mai zuba toka, kuma nan ma ba wanda ya lura. Ranar farko na tsaya a ƙofarsa, zuciyata na cewa wuce. Sai na ji jaririyarsu ta yi tari a ciki. A nan na gane abin da ya sa Iya ta jira shekara guda, da abin da ya sa ƙafarta ta so ɗumin yaro a daidai wannan makon. Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar haƙuri take koya mana. Ashe koya mana take yadda ake auna ramuwa, kada ta fantsama kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Na ja masa layin toka mai kauri, ina ja masa kullum. Da safe in durƙusa in ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Da yamma in ɗora Hafsatu a cinya in yi mata labarin wani Muzuru mai sayar da taki, har ta fara karɓar tuwo don in ci gaba.

Baɗi war haka za a yaye jaririyar, a kai ta gidan kakarta kamar yadda aka saba. In kafin nan ya ce a yafe, zan duba.