Ganyen da Na Tsinka a Bayan Ofis

A shekarun da hanyoyinmu suka lalace, ni malamin gona ne a Safana, kuma ina fassara shirin manoma a rediyo. Wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, wata mai bincike daga jami'a ta same ni a ofis. Ta ce ƙwayoyin da ke ba ganye launin kore suna da nasu rubutun gado, kuma da shi masana suka gano dangin wani tsiron magani na Tibet. Haka take so ta yi wa tsiron da wani dattijo a ƙauyen Babban Duhu yake maganin ciwon shawara da shi. Ta bar mini leda da hodar busar da ganye, ta roƙe ni kada in karɓa sai daga hannunsa.

Ban je ba. A makon 'yan bindiga sun tare masu mashin a hanyar, ni kuma ina da iyali. Da na gaya mata haka da ta fahimta, amma kunya ta hana ni. Sau ɗaya na taɓa ganin tsiron, sai na tsinki mai kama da shi a bayan ofis, na rubuta Babban Duhu a jikin ledar, na aika mata.

Bayan watanni injin gwajin jami'ar ya fitar da sakamako, cewa ganyen na cikin dangin da ke lahanta hanta. Takardar gargaɗi ta iso gidan rediyo, ni na fassara, ni na karanta. Mutane suka ƙaurace wa dattijon, har wasu suka fara lissafa masa waɗanda suka mutu.

Ranar kasuwa ya zo ofis da tsironsa har saiwa. Bayan doguwar gaisuwa ya kira ni ɗansa, ya ce ya gane muryata, ya tambaya cikin raha ko injin nan ya taɓa yin shawara. Sannan ya ce in murje ganyen in sansana. Ba warin wanda na tsinka ba ne. Ya tambaye ni inda aka samo na gwajin. Na ce a garinsu. Ya daɗe yana kallona, ya sa mini albarka, ya tafi.

Na koyi cewa injin abin da aka miƙa masa yake karantawa, bai san hannun da ya miƙo ba. Duk wanda aka aika, idan tsoro ya hana shi zuwa, ya faɗa. Tsoro ba laifi ba ne, rubuta abin da ba ka yi ba shi ne laifi.

Sai da damina ta zagayo na gaya wa mai binciken gaskiya. Ta janye sakamakon, na karanta gyaran a rediyo. Dattijon ya rasu kafin a watsa shirin.