Takardar da Gara Ta Ci

Shekara biyu na yi ina koyon allurar shanu a zangon da ke bayan Kankia. Na sha harbi, na sha kashin shanu a fuska, na iya kayar da bijimi da igiya ɗaya. Ranar da muka gama, Baturen dabbobi ya sa hannu a takardunmu, kowa ya dangwala yatsa a ƙasan tasa. Ni bahago ne, sai na miƙa babban yatsan hagu, wanda wuƙar tsaga kunnen shanu ta taɓa raba shi biyu. Akawu ya yi tsaki, amma tawada ta riga ta hau.

A lokacin ba a ba mutum takardarsa ya tafi da ita gida. Babban malamin zango ke tara su a akwatin ƙarfe, mabuɗi a wuyansa. Mutum ne mai tumbi da murya kamar ta mai wa'azi, ba ya buɗe baki sai da sunan Allah. Na riƙe masa buta, na wanke masa keke, har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Da damina kurkunu ya kwantar da ni a gidanmu a Kusada, ƙafa biyu duka. Har aka buɗe allurar rani ban iya taka ƙasa ba, ko sannu malamin bai aiko mini ba. Ina warkewa na ji ana neman malamin fata a kasuwarmu, mai duba ƙiraga da fatu ya buga musu lamba. Aikin dindindin ne, ga shi a ƙofar gida, kusa da tsohuwata da gonarmu. Sharaɗi ɗaya ne: a kawo takardar shaida kafin Bature ya gama rangadi.

Na ɗingisa har Kankia, na durƙusa na gaishe shi.

“Allah gafarta malam, takardata na zo amsa.”

Ya buɗe akwati, ya yi ta juya takardu kamar da gaske, sannan ya girgiza kai.

“Wayyo, gara ta cinye ta. Abin Allah, mi za mu ce? Sai haƙuri.”

Gara a akwatin ƙarfe! Kuma duk cikin takardun nan tawa kaɗai ta yi mata daɗi. Na koma gida ina huci, kwana uku tuwo ba ya wuce mini.

Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta tona asirin, ita ma ba da niyya ba. Ta gan ni ranar kasuwa ta riƙe baki.

“Kai bahago, kana nan? To wa ke ta soke muna shanu a Kaikai da sunanka? Duk wuyansu ya kumbura, ardo har ya yi rantsuwa sai ya kai ka ƙara.”

Ashe ƙanen matar malamin ne. Malamin ya ga na kwanta, ya ɗauka ba zan tashi ba, ya ɗauki takardata ya ba surukinsa, yaron da ko akuya bai taɓa kayarwa ba. Sun ci aikina, sun kuma ɓata mini suna a ruga.

Ban je na yi masa rigima ba. So nake ya faɗi a gaban jama'a, inda ba bangon da zai dafa. Na tafi wurin ardo na nuna masa fuskata, na roƙe shi ya ja bakinsa har ranar da Bature zai sauka Kaikai.

Ranar da hantsi na sa malafa na shige cikin makiyaya. Bature ya zauna a kujerarsa ta tafi-da-gidanka ƙarƙashin tsamiya, takardu a cinyarsa, yana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Da ya kira sunana, mu biyu muka amsa.

Malamin ya yi wuf ya ce ciwo ne ya taɓa mini kai. Ni ko na cire malafa, na ɗaga yatsana sama na ce a kawo tawada. Nan ne wayonsa ya ƙare. Ya saba ganin mai unguwa yana dangwala wa mutum goma da yatsa ɗaya, a zatonsa duk baƙin tabo ne kawai. Bature ya dangwala nawa, ya dangwala na yaron, ya jera su kusa da na takardar. Ga farin layin wuƙa nan ya ratsa nawa da na takardar, na yaron kuwa sumul. Ardo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Wallahi na ji daɗi, ban kuma ɓoye ba.

Aka kore su su biyu, ni na kama aiki a Kusada da takardata a aljihu. Tsohuwata ta ce in yafe, na ce mata to, don dai kada ranta ya ɓaci.

Bayan shekara sai ga malamin a rumfata, tumbin ya zube, ya koma fataucin fatu, ɗauri guda a bayan keken nan da na sha wankewa. Ban zalunce shi ko sau ɗaya ba. Na dai bar shi a rana sai da na sallami kowa, har mahauta suka taru suna kallo. Sannan na ɗauki fatunsa ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowace ina hasko ta da rana, a hankali, yana tsaye yana ce mini ranka shi daɗe. A ta bakwai na sami huda. Na zura yatsan nan mai tabo a ciki har ya leƙo ta baya, na juya shi a gaban idonsa.

“Allah gafarta malam,” na ce, “nan ma gara ce?”

Na buga wa fatar lamba uku, mafi ƙanƙantar daraja, na jawo ta takwas.